Inda Ɗan Yatsa Zai Taɓa

Hannun hagu ne kaɗai ya rage wa Manaja, shi yake miƙawa a safiyar nan, yatsu a warwatse suna karkarwa tsakanin bakin gado da ɗan teburin da kofin ruwa yake kai. Surukarsa, matar ɗansa, ita ce ta ja teburin da za ta yi shara, tana saurin tafiya kantin maganin da take aiki, ta manta ba ta mayar da shi ba. Tazarar ba wata mai yawa ba ce, amma ga mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye ta isa tafiya.

Ɗansa yana tsaye a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa. Har ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya mayar da ita. Tsohon bai gan shi ba. Ɗan ya kalli yadda jijiyar wuyan uban ta miƙe, yadda leɓensa na ƙasa ya saki, yadda babban yatsa ya riga sauran gajiya ya lanƙwashe. Wani abu ya yi masa tsam a ƙirji, ba kuwa tausayi ba ne. Murna ce irin ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema a aljihun tsohuwar rigarsa.

Shi dai marubuci ne, kuma yana da doka guda da yake taƙama da ita a duk taron da aka ba shi abin magana: gani ya kori ji. Ba ya rubuta abin da idonsa bai gani ba. Ya taɓa kwashe watanni yana sammakon zuwa mahauta don babi ɗaya, ya zauna a benci na kotu har masinjoji suka ɗauka shari'a gare shi. Abokansa kan ce kada ka yarda ka yi kuka a gabansa, in ba haka ba ka tsinci majinarka a shafi na arba'in. Yakan yi dariya, don a kunnensa wannan yabo ne.

Littafin da ke hannunsa a kan wani Darakta ne, mutumin da ya taka kowa a kamfaninsa har ya hau, sannan duniya ta juya masa baya. Komai ya tafi daidai sai babin ƙarshe. Editarsa, wata dattijuwa mai kaifin harshe da ta tsufa a gidan ɗab'i, ta tura masa takardun a kan tebur kamar mai mayar da ruɓaɓɓen kaya.

“Malam, mutumin nan naka ya iya mulki, ban musa ba. Amma faɗuwarsa ta kwali ce. Ka ce ya durƙusa yana roƙo, ni kuwa ban ji roƙon ba.”

“Hajiya, ai ga shi nan na rubuta, har da hawaye.”

“Hawayen haya ne. Ka taɓa ganin mai iko ya roƙi wanda ya raina? Ta ina kalmar take fitowa, ta baki ko ta hanci? Ba ka sani ba. Je ka sani ka dawo.”

Maganar ta yi masa ciwo don gaskiya ce. Ya san mulki kamar yunwar cikinsa, a gidansa ya tashi. Ubansa ya riƙe babbar masaƙa shekaru masu yawa, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Manaja yake cewa, har matarsa, Allah ya jiƙanta. Ma'aikaci kan ji ƙarar takalminsa a baranda ya haɗiye tari. A gida kuwa bai taɓa dukan kowa ba, ba ya bukata. Ya taɓa saya wa yaron nan takalmin ƙwallo, sabo fil, ya ɗora a kan kabad ɗin falo inda za a riƙa gani, ya ce sai ranar da ya ga dama. Takalmin yana nan har ƙafar ta fi ƙarfinsa. Bai taɓa ce wa wani ɗan Adam don Allah ba, bai taɓa cewa na gode ba, ɗan nan nasa kuma tun yana rarrafe sunansa “kai”.

Da ciwon ya kayar da Manaja, 'ya'ya suka taru a asibiti kowa da uzurinsa a baki. Babbar yaya ta ce gidanta bene ne. Mai bi mata ya ce matarsa ba ta da lafiyar baya. Marubucin ne ya ce a kawo shi gidansa, tunda shi a gida yake aiki. Dangi suka yi ta sa masa albarka, ana cewa ɗan halak ke nan, wanda aka fi gasa wa aya a hannu shi ya fi jinƙai. Shi kansa a lokacin ya yarda da hakan.

A safiyar nan dai sai da hannun ya faɗi a kan zanin gado, tsohon ya rufe ido yana haki, sannan ɗan ya yi gyaran murya ya shiga. Ya tallafi kan uban ya ba shi ruwan, ya goge masa haɓa da tawul, har da sannu. Daga nan ya wuce ɗakin karatunsa, wanda bango ɗaya ya raba da na tsohon, ya zauna ya zuba shafi uku ba tare da ya ɗaga kai ba, ya aika wa edita. Da yamma edita ta kira shi a waya.

“Wannan hannun! Malam, ina ka samo hannun nan? Sai da na tashi na sha ruwa. To saura bakin. Ka ba ni bakin, mu rufe littafi.”

Washegari shi ya ja teburin da kansa. Ya gaya wa zuciyarsa cewa minti kaɗan ne, ba abin da zai samu Baba, likita ma ya ce motsa hannun yana da amfani. Mutum in yana son ya yi abu, hujja ba ta yi masa wuya. Ya bar ƙofa a ɗan buɗe, ya tsaya ta inda yake gani ba a ganinsa. Tsohon ya miƙa, ya gaji, sannan ya tattara harshensa mai nauyi ya jefo abin da ya saba jefowa.

“Kai! Ruwa.”

Umarni ne, ko a mace ba za a kira shi roƙo ba. Marubucin ya ƙi motsi. Aka sake kira, aka kuma, kowane kira da kaushinsa, babu wanda ya yi laushi. Daga ƙarshe tsohon ya juya fuska ga bango.

Abu ya zama aikin kullum. Da matarsa ta ɗauki jakarta ta fita, gida ya zama nasa, sai ya shiga gwaji. Yau tabarau ne zai ajiye a ƙarshen gado wajen ƙafar da ba ta motsi. Gobe rediyo zai murɗa ya bar shi tsakanin tasha da tasha yana ta shuu a kunnen mutumin da labarai ne kaɗai suka rage masa. Ya koyi abubuwa da yawa, kuma duk sun shiga littafi: cewa mai ƙishirwa yakan tsotsi harshensa, cewa fushi yakan fara daga ido mai lafiya kafin ya isa ɗayan, cewa tsoho kan yi magana da matarsa da ta mutu idan ya ɗauka ba kowa. Babin yana ta kyau, Darakta yana ta zama mutum. Kalma ɗaya ce ta ƙi zuwa.

Ranar da ya hana uban fo ɗin fitsari ita ce ranar da ya san ya wuce gona da iri. Tsohon ya kira tun hantsi, ya buga ƙarfen gado da zobensa, ya kira. Shi kuwa yana bayan ƙofa ya dafe bango, yana cewa a ransa yanzu zai faɗa, wannan kam ba mai iya daurewa. Sai bugun ya tsaya. Da ya shiga, zanin gadon ya jiƙe har katifa, Manaja yana kallon silin da ido a bushe. Ya ɗaga shi, ya wanke shi, ya sauya shimfiɗa, kunya kamar ta kashe shi. Duk da haka, yana matse zanin a banɗaki wani sashe na kansa yana lura da yadda tsohon ya ƙi haɗa ido da shi, yana neman jimlar da za ta ɗauki hakan. Ya same ta kafin ya shanya zanin.

Matarsa ba yarinya ba ce, kuma aikinta kallon marasa lafiya ne. Ranar hutunta tana shafa wa tsohon mai a leɓe, ta daɗe tana dubansa, sannan ta sami mijin a kicin.

“Malam, Baba yana shan ruwa kuwa idan na fita?”

“Yana sha mana. Ni da nake ba shi da hannuna.”

“Leɓensa duk ya tsage. Fitsarinsa ya yi duhu. Na ja fatar hannunsa ta tsaya ba ta koma ba. Ga gyambo yana neman fitowa a ƙugunsa, alhali kullum ina barin shi a bushe.”

“Zafi ake yi, ke ma kin sani. Kuma kin san halinsa, in ya ƙi abu ya ƙi.”

“Na san halinsa.” Ta rufe tukunya, ta juyo ta dube shi sosai. “Naka ne kwanan nan ban gane ba. Ka daina cin abinci, kana ta fara'a kai kaɗai. Ruwa ba ya tsami banza, Malam. Na tambayi Baba ko akwai abin da ke damunsa, sai ya yi mini wata irin dariya.”

“Me ya ce?”

“Bai ce komai ba. Me kake tsoron ya ce?”

Ya yi tsaki, ya ce ita dai ta cika zargi, mutum yana wahala da ubansa ana binsa da tambaya kamar ɓarawo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta riga ta nemi hutu a wurin aiki, daga jibi ita za ta zauna da Baba, shi ya je ya ji da littafinsa. Ya ce to, Allah ya saka da alheri. A ransa kuwa abin da ya ji shi ne gobe kaɗai ta rage masa.

Goben ta zo da rana mai zafi, aka kuma ɗauke wuta tun da safe, fankar ɗakin tsohon ta tsaya cik. Matar ta cika jug ta ajiye a jikin gado, ta gwada da hannun Baba ta ga yana kaiwa, sannan ta fita tana waiwaye. Ƙarar rufe ƙofar gida ba ta gama mutuwa ba ya shiga ya ɗauke jug ɗin. Tsohon yana kallonsa. Wannan ne karo na farko da ya yi abin a gaban idonsa, kuma ya yi mamakin yadda bai ji nauyi ba.

Ya bar shi har rana ta take. Ɗakin ya ɗauki zafi, warin man zafi da na gumi ya cika shi. Babu kira ko ɗaya daga ciki, wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Ya buɗe firij ya tarar da sauran ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ya zuba a kofin gilashi, ya cika shi da ruwa. Ya shiga da shi yana kaɗawa don ƙanƙarar ta yi ƙara, ya ajiye a can ƙarshen teburin, ya ja teburin baya, ya jawo kujera ya zauna.

Idon Manaja ya bi kofin. Maƙogwaronsa ya motsa, babu abin haɗiya. Leɓensa ya yi fari, gefen bakin da ya karkace ya bushe da wani abu kamar gishiri.

“Baba,” in ji shi, “ba wani abu nake nema ba. Kalma ce. Ka ce don Allah, in ba ka. Sau ɗaya tak.”

Tsohon bai ɗauke ido daga kofin ba.

“Mutane nawa suka ce maka ita? Masu gadi, masu saƙa, Inna, mu. Ka ji ta har ka gaji. Ni ban taɓa jin ta a bakinka ba. Ina so in ji yadda take fita, shi ke nan. Ka faɗa ka sha ruwanka, Baba, wallahi da sanyi.”

Gumi yana gangaro wa kofin ta waje, yana taruwa a kan tebur. Manaja ya ɗauke ido daga kan kofin a hankali ya ɗora a kan ɗansa, ya dube shi tun daga sama har ƙasa, irin duban da yake yi wa sabon ma'aikaci. Sai ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, marubucin ya zabura ya ɗauka shaƙewa ce. Dariya ce.

“Kai,” in ji tsohon. Kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar, amma babu wadda ta ɓata. “Ka yi... nisa da shi.”

“Na'am?”

“Kofin. Ya yi nisa. Wanda ya... fid da rai... ba ya roƙo. Kwanciya yake.” Ya tsaya ya nemi numfashi. “Tun ranar farko... nake kallonka. Aikin banza... kake yi. Matso da shi.”

Marubucin bai san lokacin da ya miƙe ba. Hannunsa ne ya kama teburin ya turo shi gaba, kamar yadda yake miƙa wa uban jarida yana yaro.

“Ƙara.”

Ya ƙara.

“Kofin. Turo... bakin tebur. A'a, ya yi yawa. Koma.”

Ya mayar da shi kaɗan. Tsohon ya ɗaga hannun hagu, ya miƙa iya miƙawa, kafaɗarsa na rawa, har ƙarshen dogon yatsansa ya taɓa gilashin. Ya shafi sanyin, ya ɗebo ɗigon gumin kofin a farce, amma babu yadda yatsun za su zagaye shi. In ya ƙara turawa, kofin gaba zai yi.

“Nan,” in ji Manaja. “Inda zai taɓa... ba zai ɗauka ba. A nan ake roƙo. Manya-manyan maza... na gani... suna kuka a nan.” Ya kai jiƙaƙƙen yatsan bakinsa ya lasa, idonsa na kan ɗan. “Sauran duk... uwarsu suka biyo. Na ɗauka... ban bar kowa ba.”

“Baba, ni ba haka nake ba. Littafi ne, aiki ne nake...”

“Ni ma... aiki ne.” Idon mai lafiya ya yi haske. “Ranar fo... ka burge ni. Madalla.”

Ɗan ya tsaya riƙe da bayan kujera. Abin da ya kamata ya ji ya sani, ya rubuta irinsa sau da yawa: ƙyama, nadama, mutum ya faɗi ya kama ƙafar ubansa. Amma abin da ya taso masa daga ciki har ya cika masa ido daɗi ne, daɗi tsantsa mara kunya. Ya yi furfura a haɓa, ya ci lambobin yabo, an tafa masa a manyan zauruka, bai taɓa jin abin da wannan madalla ɗin ta yi masa ba. Ya tsani kansa a kan haka, kuma tsanar ba ta rage daɗin da komai ba.

“To... tsayuwar me kake?” in ji tsohon. “Je ka rubuta... kafin ka manta.”

Ya juya ya fita. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, ya san akwai abin da ya rage bai yi ba a ɗakin, abu mai sauƙi, taku biyu ne da miƙa hannu. Amma jimlar farko ta riga ta haɗu a kansa, cikakkiya, kuma ya san halin jimla, in ka ce ta jira ka ba ta jira.

Kwamfutarsa tana da sauran caji. Ya goge babin ƙarshe gaba ɗaya, durƙuson da hawayen da duk abin da edita ta nema. Darakta ba zai roƙi kowa ba. Ya fara daga kofin, yatsunsa suna gudu a kan maɓallai, hawaye na sauka a bayan hannunsa bai tsaya sharewa ba. Bai taɓa rubutu mai kyan wannan ba, ya kuma san hakan tun yana yi.

Can ya ji wani ɗan sauti ta bango, siriri, yana zuwa yana ɗaukewa. Ya ɗaga hannu daga maɓallan ya kasa kunne. Farce ne yake taɓa gilashi. A shafin ya riga ya rubuta cewa farcen Darakta yana ƙwanƙwasa kofin. Ya ƙara saurarawa da kyau, ya ga ƙwanƙwasa ta yi ƙarfi, abin bai kai haka ba. Ya goge ta, ya zauna shiru yana jiran sautin ya sake zuwa don ya samo kalmar da ta dace.